Will Eisner, Mai Zanen Duhu da Ruwan Sama (1917–2005)

Gabatarwa

Duk wanda ya kalli fim ɗin nan mai suna Sin City, wanda ya fito a Amurka cikin watan Afrilu na 2005, kamanninsa ne za su fara ɗaukar hankalinsa tun kafin ya gane inda labarin ya dosa. Birni ne wanda kusan kullum dare ne a cikinsa, in ba ruwa ke zuba ba to ƙanƙara ce. An zare launi daga komai, an bar fari fat da baƙi wuluk, sai fa jar rigar wata mace ko rawayar fatar wani mugu. Mazauna birnin kuwa daga mai kisan haya sai karuwa sai ɗan sanda mai cin hanci. Daga littattafan zane na Frank Miller aka ɗauko wannan fim, watau irin littattafan da hoto ne ke ɗauke da nauyin labari, rubutu yana yi masa rakiya, kuma don manya aka yi su. Yana da 'yan'uwa, kamar Road to Perdition na 2002 da A History of Violence na 2005, waɗanda su ma labaran laifi ne da aka kwaso daga littattafan zane.

A wannan takarda zan koma baya ne ga dattijon da shi Miller ya ɗauka tamkar malaminsa, wanda ya rasu wata uku kafin fitowar Sin City. Mu ɗaliban Hausa mun saba raba adabi gida biyu, na baka da rubutacce. To ga wani mutum da ya ƙare rayuwarsa yana jayayya cewa labarin da aka bayar da zane shi ma adabi ne, kuma ya ci nasarar jayayyar, ko da yake ba kamar yadda ya so ba.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi William Erwin Eisner a unguwar Brooklyn ta birnin New York ran 6 ga Maris, 1917. Iyayensa Yahudawa ne baƙi, talakawa. Mahaifinsa ya zo ne daga tsohuwar daular Ostiriya, kuma sana'arsa ita ce zanen labulen bango na gidajen wasan kwaikwayo, sana'ar da ba ta iya ciyar da gida ba. Mahaifiyarsa kuwa a cikin jirgin ruwa aka haife ta a kan hanyar zuwa Amurka, ta tashi cikin maraici da rashi, saboda haka ba ta ga komai a zane ba illa hanyar yunwa. Tsakanin uba mai zuga shi da uwa mai tsoro yaron ya girma, kuma duk wanda ya bi rayuwarsa zai ga ya gaji su biyun: fasihi ne, amma ɗan kasuwa ne wanda ba a cuta da sauƙi.

Sa'ad da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929 gidansu ya daɗa shiga uku. Yana da shekara 13 ya fara tallar jaridu a bakin titi, ya kuma riƙa karanta shafukan zanen da ke cikinsu kafin ya sayar. Ya yi sakandare a makarantar DeWitt Clinton da ke unguwar Bronx, inda ya yi abota da Bob Kane, wanda daga baya sunansa ya fito a kan Batman. Kane ne ya nuna masa hanyar wata mujalla a 1936, mai suna Wow, What a Magazine!, wadda ta mutu bayan fitowa huɗu kacal.

Mutuwar mujallar ta haɗa shi da editanta, Jerry Iger, suka buɗe kamfani. A lokacin masu ɗab'i suna neman sababbin labaran zane ido rufe, ba su kuwa da masu yi. Eisner ya tsara aikin kamar masaƙa: wannan ya rubuta labari, wancan ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya rubuta maganganu, a miƙa wa mai ɗab'i shafi gamamme. A farko, da yake ma'aikatan ba su da yawa, sai ya riƙa sa hannu da sunaye iri-iri don a zaci kamfanin babba ne. Ɗaya daga cikin sunayen, Rensie, sunansa ne kawai aka juya. Fitattun masu zane irin su Jack Kirby da Lou Fine duk sun zauna a teburin wannan kamfani.

Akwai wani abu da ya faru a 1939 wanda bai kamata mai rubuta tarihinsa ya tsallake ba. Wani mai ɗab'i, Victor Fox, ya sa aka ƙirƙiro masa tauraro mai suna Wonder Man, wanda kowa ya gani ya san kwaikwayon Superman ne. Masu Superman suka kai ƙara, aka kira Eisner shaida. Shekaru da yawa bayan haka Eisner ya riƙa ba da labari cewa ya ƙi yin ƙarya a gaban alƙali duk da asarar kuɗin da ya yi, har ya sa haka cikin littafinsa The Dreamer na 1986. Amma a 2010, bayan rasuwarsa, aka tono takardun shari'ar, sai ga shi shaidar da ya bayar ta goyi bayan Fox ne. Yaro ne ɗan shekara 22 a lokacin, da ma'aikata a wuyansa, don haka ban ga abin jifa a shaidar ba. Abin lura shi ne yadda dattijo ya gyara labarin ƙuruciyarsa ya yi masa kwalliya.

The Spirit

A ƙarshen 1939 aka zo masa da wata shawara. Jaridun Amurka suna tsoron kada littattafan zane su kwashe musu masu karatu, sai wani mai ɗab'i, Everett Arnold, tare da wani kamfanin da ke rarraba wa jaridu kaya, suka nemi a riƙa yi musu ɗan littafi mai shafi 16 ana cusawa cikin jaridar Lahadi. Eisner ya sayar wa Iger da rabonsa na kamfani a kan dala 20,000 ya karɓi aikin. Abin da ya ja shi shi ne masu karatun, domin jarida manya ke sayenta, alhali littattafan zane na wancan zamani 'yan yara ake yi wa. Ya kuma kafa sharaɗin da kusan babu mai zanen da ya samu a lokacin, watau haƙƙin mallakar tauraron ya zama nasa.

Ran 2 ga Yuni, 1940 The Spirit ya fara fitowa, ma'anar sunan kuwa kurwa ko fatalwa. Tauraron wani matashi ne mai binciken laifi, Denny Colt, wanda aka zaci ya mutu a wata arangama da wani mugun likita, har aka binne shi a maƙabartar Wildwood. Ashe dogon suma ya yi. Da ya farfaɗo sai ya bar duniya a kan zatonta, ya gina maɓoya a ƙarƙashin kabarinsa, ya riƙa farautar masu laifi da sanin Kwamishinan 'yan sanda Dolan kaɗai. Masu kuɗin sun so jarumi mai riga ta musamman irin ta Superman. Eisner bai so ba, sai ya sallame su da ɗan ƙyallen rufe ido da safar hannu, ya bar mutumin da shuɗiyar kwat da jan laktaye da malafa. Ba ya tashi sama, harsashi na huda shi, kuma da wuya mako ya wuce ba a lakaɗa masa duka ba. A lokacin da abin ya fi kasuwa jaridu wajen 20 ke ɗauke da shi, masu kwafi har miliyan biyar.

Malamanmu da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 za su tuna da Lance Spearman na mujallar African Film, mai malafa da sigari, wanda aka riƙa karantawa a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka masu Turanci. To su yi tunanin irin wannan tauraro, sai dai maimakon hoton kyamara, burushi ne da tawada.

A nan ne ya kamata mu tsaya, domin a nan salon da muke gani a finafinai ya samo tushe. Da yake ɗan littafin ba shi da bango, shafin farko ne ke yin aikin bango, kuma dole ya kama idon mai buɗe jarida. Eisner ya ƙi yarda da tambari tsayayye. Kowane mako sai ya gina haruffan sunan cikin hoton kansa: yau su zama dogon bene mai tagogi, gobe takardu da iska ke kwasa a kan titi, jibi tarkacen da ruwa ke ja zuwa bakin kwata. Ya kan ɗauki mai karatu ya ɗora shi a kan rufi ya leƙo da shi ta tagar sama, ko ya kwantar da shi a ƙasa ya dubi mai kisa daga wajen takalminsa. Haske ɗaya ya kan bari a ɗaki, fitilar tebur ko ta titi, sauran duka ya cika da baƙar tawada. Ruwan samansa kuwa har ya zama abin ba'a tsakanin abokan sana'arsa, saboda yadda ya ke zubo shi da kauri yana gangara daga bakin malafa, yana taruwa a matakala. Bai kamata a manta ɗan wane ne ba. Wanda ya tashi yana kallon ubansa na zanen labulen dandali ya san inda ake ajiye fitila da inda ake tsayar da ɗan wasa.

A daidai waɗannan shekaru ne Hollywood ke fitar da finafinan laifi masu duhu, waɗanda masu sharhi na Faransa suka raɗa wa suna a 1946, sunan da ma'anarsa ita ce baƙin fim. The Maltese Falcon da Citizen Kane duk a 1941 suka fito, bayan The Spirit ya riga ya fara. Eisner mai zuwa silima ne, ya kuwa ɗebo daga can, amma kuskure ne a ce kwaikwayo kawai ya yi. Tare suka girma, daga rijiya ɗaya suka sha, watau finafinan Jamus na shekarun 1920 da mujallun labaran laifi masu araha. Ya kuma ƙara da abin da ya koya daga marubuta gajerun labarai irin su O. Henry, domin shafi bakwai ko takwas ke gare shi kowane mako, dole labari ya buɗe ya rufe a cikinsu.

A ganina, mafi girman abin da ya yi shi ne ture tauraronsa gefe. A labaran da suka fi kyau, waɗanda ya yi bayan dawowarsa daga soja, Spirit ya kan zama ɗan kallo ne kusan, labarin kuwa na wani talaka ne da ba wanda ya san da shi. Misali shi ne labarin Gerhard Shnobble na 1948. Wannan bawan Allah tun yana yaro ya gane yana iya tashi sama, iyayensa suka hana shi don kada ya bambanta da mutane. Ya yi shekara 35 yana bauta wa wani banki, aka kore shi a wulaƙance. Sai ya hau kan wani dogon bene don ya nuna wa duniya baiwarsa, ya faɗa, ya kuwa tashi, yana shawagi. Amma a kan benen nan Spirit na dambe da ɓarayi, hankalin kowa na can, harsashin da ya kuskure ya same shi ya faɗo. Ba wanda ya ga tashinsa. Eisner ya sha nuna cewa wannan ne labarin da ya fi so cikin dukansu. Haka kuma Ten Minutes na 1949, wanda mataimakinsa Jules Feiffer ke da babban hannu a rubutunsa, minti goma ne na ƙarshen rayuwar wani saurayi da ya harbe mai kantin unguwarsu, kuma an auna shi yadda karanta shi zai ɗauki kimanin minti goman.

Tabon da ke jikin aikin

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ranar da na fara ganin shafukan The Spirit na farko raina ya ɓaci. Mataimakin tauraron wani yaro ne baƙar fata mai suna Ebony White, an zana shi da manyan leɓɓa da idanu kamar ƙwai, an sa masa karyayyen Turanci don a yi dariya. Irin hoton nan ne da gidajen wasan Amurka suka daɗe suna yi wa baƙin mutum. Masu kare Eisner su kan ce yaron jarumi ne mai wayo, ya sha ceton ubangidansa, kuma daga baya an kawo wani ɗan sandan ciki baƙar fata mai suna Grey wanda aka zana da mutunci. Duk gaskiya ne. Sai dai hannun da ya iya zana gajiya a kafaɗar mai gadin banki bai gaza zana fuskar yaro baƙi ba, zaɓa ya yi. Abin ya fi ciwo da yake shi kansa ya sha duka a titi yana yaro saboda Bayahude ne. A 1949 aka janye Ebony aka maye gurbinsa da wani yaro farar fata.

Sai da ya tsufa ya fuskanci maganar sosai. A gabatarwar littafinsa Fagin the Jew na 2003, wanda ya yi don ya ƙalubalanci yadda Charles Dickens ya siffanta Bayahude a Oliver Twist, ya kawo zancen Ebony da kansa, ya yarda cewa shi ma ya yi wa wasu irin abin da yake kuka da shi. A shekarun nan na ƙarshe ne kuma ya zana labarin Sundiata, wanda ya kafa daular Mali, da mutanen Afirka masu kamannin mutane. Ko wannan ya biya bashin, mai karatu ya yanke.

Soja, da dogon ɓacewa

An ɗauke shi soja a 1942, ya bar The Spirit a hannun su Lou Fine har ƙarshen 1945. A soja ya shawo kan manyansa cewa kurtu zai fi fahimtar gyaran mota da bindiga in an nuna masa da zane, ya ƙirƙiro wani sakaran soja, Joe Dope, mai yin komai ba daidai ba. Wannan ya buɗe masa wata kasuwa. Ya kafa kamfanin zanen koyarwa a 1948, ya yi aure a 1950, kuma daga 1951 zuwa 1971 shi ke fitar wa sojan Amurka mujallar PS ta kula da kayan aiki. The Spirit ya tsaya ran 5 ga Oktoba, 1952. Saboda haka guguwar 1954, lokacin da majalisar dattawan Amurka ta binciki littattafan zane aka kuma ƙaƙaba musu dokokin tacewa da suka kashe labaran laifi, ba ta same shi a fagen ba. Kusan shekara ashirin ɗan kasuwa ne mai zuwa ofis da jaka. Ɗan mahaifiyarsa ke nan.

Komowarsa

A 1970 'yarsa ta rasu da sankarar jini tana da shekara 16. Ya haɗiye abin, ya yi sama da shekara talatin bai yi zancensa a bainar jama'a ba. A 1971 ya halarci wani taron masu sha'awar littattafan zane a New York, ya ga samari masu dogon gashi suna buga littattafansu da kansu, suna zana abin da suka ga dama ba mai tace su. Ya gane cewa manyan masu karatun da ya nema tun 1940 sun samu. Aka shiga sake buga The Spirit, Faransawa kuma suka ba shi babbar lambar bikin Angoulême a 1975.

A 1978, yana da shekara 61, ya fitar da A Contract with God, labarai huɗu na mazauna wani gidan haya a Bronx cikin shekarun 1930. Na farkonsu labarin Frimme Hersh ne, Bayahude mai ibada, wanda tun yana yaro a Rasha ya rubuta wa kansa yarjejeniya da Ubangiji a jikin dutse: shi zai yi alheri, a saka masa da alheri. Ya tsinci jaririya a bakin ƙofa ya rene ta, ta girma, ta mutu. Littafin ya buɗe ne da Hersh yana dawowa daga jana'iza cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, shafi bayan shafi, kusan ba magana. Ya jefar da dutsen ta taga, ya aske gemu, ya ci amanar dukiyar majami'arsu ya sayi gidaje, ya yi arziki bai sami natsuwa ba. Ya sa malamansu su rubuta masa sabuwar yarjejeniya, yana cikin murnar samunta zuciyarsa ta buga. Bahaushe zai ji tsikar jikinsa ta tashi da jin bawa na kafa wa Mahalicci sharaɗi, labarin ma bai nuna Hersh ya yi daidai ba. Amma wanda ya san abin da ya sami Eisner shekara takwas kafin nan zai gane hawayen wa ke cikin ruwan.

A bangon littafin ya rubuta sunan da Turawa yanzu ke kiran irin waɗannan littattafai da shi, wanda za mu iya fassarawa da ƙagaggen labari na zane. Ba shi ya ƙirƙiro sunan ba, wani mai sharhi, Richard Kyle, ya riga shi tun 1964, amma littafin Eisner ne ya sa ya zauna. Wani babban kamfanin ɗab'i ya ƙi karɓarsa, sai ƙarami, Baronet, ya buga, masu kantuna kuma suka rasa kantar da za su ajiye shi. Daga nan har rasuwarsa bai huta ba. Ya yi littattafai wajen ashirin, ya koyar a wata makarantar fasaha a New York, ya rubuta Comics and Sequential Art a 1985 inda ya shimfiɗa ƙa'idojin sana'ar kamar nahawu. Tun 1988 lambar yabo mafi girma ta wannan fage a Amurka sunansa take ɗauke da shi, kuma shi da kansa ya riƙa miƙa ta. Ya rasu a jihar Florida ran 3 ga Janairu, 2005, bayan aikin zuciya, yana da shekara 87. Littafinsa na ƙarshe, The Plot, bayan rasuwarsa ya fito.

Abin da silima ta ɗauka

Frank Miller bai taɓa ɓoye bashin da Eisner ke binsa ba. Elektra, wadda ya ƙirƙiro a 1981, daga Sand Saref ya ɗauko ta, watau masoyiyar ƙuruciyar Denny Colt wadda ta zama mai laifi. Da ya fara Sin City a 1991, baƙar tawada da ruwan sama da hasken fitila ɗaya duk gadon Eisner ne, sai dai ya tsananta su ya cire wasa da tausayi. Hirar da suka yi su biyu, wadda aka buga littafi a 2005, cike take da gardama. Shi kuwa fim ɗin 2005, wanda Robert Rodriguez ya shirya tare da Miller, an ɗauke shi ne a gaban koren labule a Texas, aka zana birnin da kwamfuta, ana bin shafukan littafin hoto bayan hoto. Ya yi kasuwa ƙwarai.

Wannan nasara ce ta sa aka damƙa wa Miller The Spirit kansa, fim ɗin ya fito ran 25 ga Disamba, 2008. Na kalle shi bayan na karanta labaran asali, na kuwa rasa Denny Colt a ciki. An mai da shuɗiyar kwat baƙa, an ba shi jikin da rauni ke warkewa nan take, alhali raunin nan shi ne mutuntakarsa. Babban abokin gabansa, Octopus, wanda Eisner ya yi shekaru bai nuna fuskarsa ba sai safar hannunsa kawai a gefen hoto, a fim Samuel L. Jackson ne ya fito da shi, yana ihu yana sauya tufafi, har da kakin sojan Nazi. An cire Ebony, wannan kam ban yi kukansa ba. Amma an cire har da masu gadi da masu kanti da 'yan haya, aka bar inuwa da ruwa da jan laktaye. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 60, abin da ya dawo daga gidajen silima na duniya duka bai kai miliyan 40 ba.